Sarkin Noman Da Ya Sa Aka Rufe Gonarsa

Ina zaune a kan benci a ƙofar ofishin jami'in muhalli, a cikin garin Wudil, da hantsin wata Talata, wayata ta yi ƙara. Marigayi Sarkin Noma ne da kansa ya aiko ni wurin. Saƙon da ya ɗora mini shi ne in roƙi jami'in ya ƙara wa mutanen ƙauyenmu wa'adi, domin har zuwa ranar ba su yarda a ɗebi ƙasar gonakinsu a auna ba, wa'adin kuma ya kusa cika. Da na ɗaga wayar sai na ji muryar limaminmu. Bai tsaya doguwar gaisuwa yadda ya saba ba. Ya ce, "Malam Isiyaku, bar abin da kake yi ka taho. Sarkin Noma ya riga mu gidan gaskiya." Na ce daga Allah muke kuma gare shi za mu koma, na sake faɗa, na sake faɗa, har masinjan ofishin ya taso ya dafa mini kafaɗa. Saƙo yana bakina, mai saƙo kuwa ya tafi.

Ni ne Isiyaku Ɗanbaba, sakataren ƙungiyar manoman rani ta ƙauyenmu da ke yankin Indabo. Ban daɗe da iya riƙe alƙalami ba. Sai da furfura ta sauko mini gemu na shiga ajin yaƙi da jahilci, na zauna a kan tabarma ɗaya da sa'o'in 'ya'yana, na kuma fita da sakamakon da malaminmu ya yaba a gaban jama'a. A ganina Allah bai ba ni wannan baiwa a ƙurarren lokaci don banza ba. A cikin dattawan da suka ga wannan al'amari tun daga tushensa, ni kaɗai nake iya sa shi a takarda. Saboda haka nauyin ya hau kaina, kuma na ɗauka. Abin da zan rubuta game da Malam Haladu Sarkin Noma, abin da idona ya gani ne da abin da kunnena ya ji, ban ƙara gishiri ba.

A hannunsa na koyi noman rani tun ina saurayi. Shi ya nuna mini yadda ake tayar da fangali, wato ɗan filin da ake kewayewa da kunya domin ya riƙe ruwa, da yadda ake cire dashen tumatir ba tare da an tsinke saiwa ba. Ban taɓa ganinsa da takalmi a cikin fadama ba. Yakan tuɓe shi a bakin hanya ya rataya a reshen giginya ƙarama, ya ce takalmi yana hana mutum jin abin da ƙasa ke faɗa. A ranar rabon ruwa, lokacin da injin ban ruwa ɗaya ne tak a tsakaninmu, ba ya buɗe wa gonarsa sai ya taka har wurin wanda ke can ƙarshen hanyar ruwa ya ga ya samu. Yana da wata magana da yake yawan maimaitawa: "In kana son sanin adalcin masu gonar gaba, je ka dubi albasar mai gonar baya." Ranar da na kawo masa shaidar gama karatuna, ya juya takardar sama da ƙasa, ya yi dariya, ya ce, "To, mun yi Magatakarda. Sai mu riƙa tauna magana kafin mu faɗa." Daga ranar bai ƙara kirana da sunan yanka ba.

Wajibi ne in bayyana wata al'ada tamu, domin wanda bai san ta ba ba zai fahimci abin da ya biyo baya ba. A wurinmu sarautar noma ba ta ado ba ce. Duk wani sabon abu da zai shiga fadama, iri ne ko taki ko maganin feshi, sai Sarkin Noma ya fara gwada shi a gonarsa tsawon rani guda. In ya yi kyau, ya tsaya bayan sallar Juma'a ya ce a yi. In ya ɓaci, asarar tasa ce shi kaɗai, ba mai rama masa. Haka mahaifinsa ya yi, haka shi ma ya yi shekara da shekaru, kuma bakinsa bai taɓa jefa mu a rami ba. Abin da ya sa kenan in ya ce a yi, ba wanda ke sake tambaya.

A shekarar da takin zamani ya yi tsadar da ta gagari talaka, ƙanensa Alhaji Sabo ya zo da labari. Alhaji Sabo uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da marigayi, dillalin kayan gwari ne, shi ke haɗa kwandunanmu a kasuwar Wudil ya yi musu lodi zuwa Kudu. Ya ce ya haɗu da wani ɗan kwangila mai kwashe dattin wani kamfanin jimar fata a Kano, kuma mutumin ya yarda ya kawo mana shi har bakin gona, kyauta. Da muka ji an ce dattin jima, sai zukatanmu suka kwanta. Dalili kuwa, kakanninmu da jakuna suke zuwa majema su ɗebo ragowar gashi da bagaruwa da toka da kashin tantabara, kuma kowane manomi a ƙasar nan ya taso da sanin cewa babu takin da ya kai wannan ƙarfi. Sunan muka sani, sunan kuma muka amince wa.

Ina wurin ranar da tifar farko ta juye kayanta a gonar marigayi. Wata irin laka ce mai danƙo, launinta tsakanin toka da shuɗi. Ya durƙusa ya ɗebo da hannu, ya murza, ya kai hanci.

Ya ce, "Sabo, wannan warin bai yi kama da na majemar da na sani ba."

Alhaji Sabo ya ce, "Haba Yaya! Majemar da ka sani da ƙafa ake tattakawa, wannan kuwa inji ke yi. Ai jaki da tifa ma ba kukansu ɗaya ba, amma duk kaya suke ɗauka."

Aka yi dariya, har da marigayi. Ya ce, "To, a baza. Gonata ce za ta ba da amsa."

Gonar ta ba da amsa, amsar kuma ita ce ta yaudare mu. A wannan rani alayyafonsa ya yi kore shar, kabejinsa sai mutum ya sa hannu biyu. Masu wucewa a kan hanya suna tsayar da babur su leƙa. Da rani ya fita, ya tsaya bayan Juma'a kamar yadda al'ada ta tanada, ya ce, "Na gwada, na ga alheri. A zuba." Daga nan tifofi suka kama sintiri. Na zuba a tawa, kowa ya zuba a tasa.

Ba zan zama marubucin gaskiya ba in na ɓoye alherin da muka gani a wannan tsakani. Gidajen da ke da rufin azara suka koma kwano. Samarin da suka saba tafiya ci-rani da zarar an gama girbi suka zauna gida, domin akwai aikin bazawa da ɗiba da lodi. Ɗan kwangilar ya zuba mana burji a hanyar da ke cin motoci da damina, saboda tifofinsa su wuce. Aka buɗe shaguna, aka buɗe wurin cajin waya, mai shayi ya ƙara benci. Yara da yawa suka wuce makarantar gaba da firamare. Wanda duk ya ce wannan ba ci gaba ba ne, bai taɓa kwana da yunwa ba.

Ba a daɗe ba alamu suka fara bayyana, kaɗan-kaɗan. In ka kafta fartanya a fangali ba ka ganin tana ko ɗaya. Kwaɗin da ke cika fadama da kuka suka yi tsit. Hannuwan masu ban ruwa suka riƙa tsagewa, matan da ke wanke ganye suka riƙa kuka da ƙaiƙayi har gwiwar hannu. Ruwan ƙananan rijiyoyin da ke kusa da tulin lakar ya sauya launi. Dashe kuma, musamman a gonar marigayi da ta fi kowace daɗewa da shan abin, ya riƙa yin rawaya yana kwantawa. Kowa ya kawo nasa dalili. Wani ya ce sanyi ne, wani ya ce irin bana ne ba shi da kyau, wani ya ce hassadar maƙwabta ce.  Marigayi kuwa ya rage magana, ya rage cin abinci, ina ganinsa yana tsaye a tsakiyar gonarsa ba takalmi, yana kallon ƙasa.

Wata safiya ya aiko a kira ni. Ya ce, "Magatakarda, sa babbar rigarka. Jami'a za mu." Na yi masa jagora kamar yadda ya dace da muƙamina, na karanta allunan ƙofofi har muka sami ofishin wata malama mai nazarin ƙasar noma, Dakta Rifkatu. Kirista ce, 'yar wajen Gombe, Hausa a bakinta kamar ta Kano. Ta tashi ta ba shi kujerarta, ta rusuna ta gaishe shi. Ya kwance ƙullin lakar da ya zo da shi ya ajiye mata. Ta duba, ta yi tambayoyi, fuskarta ta canja.

Ta ce, "Baba, kamfanonin nan ba da bagaruwa suke jima ba. Wani sinadari suke sawa wanda ba ya ruɓewa. Akwai taki a cikin lakar, shi ya sa ganye ya yi kyau da farko. Amma taki yana ƙarewa, shi kuwa sinadarin yana zama, yana taruwa, yana bin ruwa. Yana iya shiga abin da kuke ci da wanda kuke sayarwa."

Ya ce, "Za ki iya aunawa ki tabbatar?"

Ta ce, "Zan iya. Amma bari in faɗa maka tun yanzu, kada ka ce na yaudare ka. In na auna na samu, ba zan iya rufe bakina ba, dole in sanar da ma'aikatar muhalli. Su kuma suna iya hana noma a gonar, ban san har yaushe ba. Ka koma gida ka yi shawara, Baba. Ba sauri."

 Ni kaina na so ya karɓi shawarar komawa gida. Shi kuwa ya dube ta ya ce, "'Yata, wanda ya ce a ci, shi ya kamata ya fara cewa a tofar. Zo ki ɗebi tawa."

Sakamakon ya fito yadda ake tsoro. Jami'an muhalli suka zo da mota, suka kewaye gonar Sarkin Noma da jar igiya, suka kafa allo. Jama'a suka taru, aka ce wa zai karanta, aka tura ni gaba. Ban taɓa jin nauyin karatu irin na wannan rana ba. Na karanta da babbar murya cewa an hana shuka da ban ruwa da kiwo a wannan fili har sai hukuma ta ba da izini. Kafin Juma'a ta zagayo labari ya kai kasuwa. Masu saye suka fara tambaya, "Wannan tumatirin na ina ne?" In an faɗi sunan ƙauyenmu sai su wuce. Kwandunanmu suka yini a rana a gindin gadar Wudil.

Aka kira taro a ƙofar mai unguwa, jami'in muhalli ya halarta. Ya ce ma'aikata ta matsa wa kamfanin har ya amince zai kankare ƙasar da ta gurɓace ya kwashe, ya kawo sabuwa. Amma da sharaɗi. Tunda ruwa daga gona yake shiga gona, gyara ɗaya a bar ta kusa da ita aikin banza ne, don haka sai duk masu gonakin da ke kan hanyar ruwan sun yarda an auna tasu. Wadda aka samu da cuta za a rufe ta har a gama aiki. In kuma ba a yarda ba kafin shigar noman rani mai zuwa, to magana ta mutu, kamfani ya fita.

Wani dattijo ya ce, "Ranka ya daɗe, gwamnati ta iya rufewa. Buɗewa ce ba mu taɓa ganin ta yi ba."

Alhaji Sabo ya miƙe. Bai dubi jami'in ba, yayansa ya duba. Ya ce, "Yaya, ka kyauta kenan? Ciwo a cikin gida, ka ɗauka ka kai kasuwa? Da ka kira mu mun daina zubawa shiru, ƙasa ta wanke kanta, ba wanda ya ji. Yanzu ga shi ka sa ana gudun kayanmu kamar na kutare."

Marigayi ya ce, "An ce mini ba ta wankuwa, Sabo."

"Wa ya ce? Matar da ba ta taɓa riƙe fartanya ba?"

"Ta riƙe abin da ni da kai ba mu iya riƙewa ba."

Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Ai kai ka ce a zuba! Da bakinka, a ƙofar masallaci!"

Marigayi ya juya ya fuskanci mai maganar, ya ce, "Ni na ce. Ban manta ba, ba kuma zan ɗora wa kowa ba. Shi ya sa gonata ce ta farko a cikin igiya."

"To in an rufe namu, me za mu ci? Igiyar za mu dafa?"

A nan kowa ya zuba ido, domin an saba in an tambayi Sarkin Noma yana da amsa. Ya ce, "Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Na dai san abin da bai kamata mu ci ba."

Taro ya watse da hayaniya. Ni da wasu 'yan tsiraru muka ba da yardarmu, amma yardar tsiraru ba ta cika sharaɗi ba.

A nan zan dakata in faɗi ra'ayina, domin na yi dogon tunani a kan wannan al'amari, kuma ina ganin masu mulki za su amfana in suka saurara. Na tambayi jami'in a keɓe, me ya hana a rufe kamfanin tun farko. Ya ce doka ta wajabta wa kowace masana'anta ta tace dattinta kafin ya fita, amma tacewa tana da tsada, saboda haka wasu sukan miƙa wa ɗan kwangila su kau da kai. Ya ce in aka matsa musu da yawa sai su yi barazanar rufewa su sallami ma'aikata, in kuma aka ƙyale su sai mutanen karkara su sha. Na ce masa, to ashe arahar da kamfani ya samu, mu muka biya ta da ƙasarmu. Bai musa ba. Abin da na fahimta shi ne, dokar da ba ta tsaya a ƙofar masana'anta ba, ƙarshenta a gonar talaka take sauka, kuma a can ta fi ciwo. Da an tare tifa ɗaya tun tana fitowa, da ba a kafa allo a fadamarmu ba. Marigayi kansa bai taɓa neman a rufe kamfanin ba. Yakan ce, "'Ya'yan wasu ke ci a ciki, ban isa in cire musu tuwo a baki ba. Na dai ce kowa ya yi kashinsa ya binne abinsa."

Watannin da suka biyo baya su ne mafi tsanani a rayuwarsa, kuma a cikinsu na san ko wane ne shi. Mutanen da a da sukan tsaya su tambaye shi gida da iyali da gajiya da sanyi, suka koma ɗaga masa hannu daga nesa. Shi kuwa bai rage ko kalma ɗaya ba. Yakan tsaya ya jero gaisuwarsa cikakkiya, ko da mutum ya riga ya ba shi baya. A masallaci akan bar ɗan fili a gefensa, sai ya matsa ya cike shi, ya ce sahu ba ya son gibi. Alhaji Sabo ya daina shiga gidansa. Maiɗakinsa, Iya Abu, ta koma yin ƙuli-ƙuli domin a sami na cefane, shi kuma, mutumin da ya ciyar da rabin unguwa, ya riƙa bin gonakin tudu yana aikin ƙodago. Da yamma in ya dawo, sai ya bi gida-gida yana sallama, yana roƙo a yarda a auna. Wasu su ce ba sa nan alhali ana jin tarinsu.

Akwai albasa da ya adana a rumfa daga girbinsa na ƙarshe kafin a sa igiya. Ita kaɗai ta rage masa. Wani daga cikin yaran lodi, don tausayi, ya zo ya ce a bar shi ya cakuɗa ta da ta wani gari a tura Kudu, can ba wanda ya san sunan ƙauyenmu. Ina zaune a wurin. Marigayi ya yi masa godiya, ya sa masa albarka, sa'an nan ya ce, "Mutumin Kudu ma uwa ce ta haife shi." Ya sa aka kira jami'an suka kwashe ta gaba ɗaya. Iya Abu ta yi kuka a bayan ƙyaure. Shi kuwa ya share rumfar tas, ya ninke buhunan.

Ciwo ya kama shi da shigowar kaka. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya. Ba zan rubuta cewa lakar ce ta kashe shi ba, domin likita ya ce zuciya ce, ni kuma na ɗauki alkawarin ba zan faɗi abin da ban tabbatar ba. Ganina da shi na ƙarshe, yana kishingiɗe a zaure. Ya ce wa'adi ya matso, in je Wudil in roƙa a ƙara mana lokaci, ko Allah zai juyo da zukatan mutane. Na zaro alƙalami na ce bari in tsara takarda mai kyau. Ya yi murmushi ya ce, "Kai da rubutu! Je ka da bakinka, Magatakarda. Takarda ba ta iya marairaicewa ba." Washegari na tafi, kuma a can labarin ya same ni.

An yi masa sallah bayan azahar. Jama'a ta taru har daga Darki da Lajawa, har da waɗanda suka daina amsa gaisuwarsa. Alhaji Sabo ne ya shiga kabari ya karɓe shi, bai ɗaga ido ya dubi kowa ba. Dakta Rifkatu ta zo ta'aziyya ta zauna tare da mata. Jami'in muhalli ya yi mini gaisuwa ta waya, ya ce ya so ya taimaka, amma ƙarin wa'adi ba a hannunsa yake ba. Na koma wurin zaman makoki da wannan amsa a cikina, na rasa wanda zan kai wa.

Muna da wata al'ada kuma. In manomi ya rasu gab da shigar rani, bayan addu'ar bakwai mazan gari sukan fita gayya su tayar da fangalin gonarsa, su shuka, domin matarsa da ke takaba da marayunsa kada su rasa. Ba a sanarwa, ba a gayyata, kowa ya san ranar. Da sassafe na ga mutane suna fitowa da fartanyu a kafaɗa, na ɗauki tawa na bi. Muna tafe, ƙafa ce kawai ta san hanya. Sai da muka isa muka tsaya cak. Ga jar igiya, ta koɗe da rana amma tana nan. Ga allo. Ga gona a ciki fayau, ko ciyawar kirki babu. Na rantse ba wanda ya tuna da wannan kafin ya baro gida.

Muka yi cirko-cirko. Wani magidanci ya ce, "To ai hukuma ba ta nan," ya sa hannu zai ɗaga igiyar.

Alhaji Sabo ya ce, "Sauke hannunka."

"Alhaji, gayyar mamaci ce fa. Haka za mu koma?"

"In ka shuka, wa zai ci? Marayunsa?"

Mutumin ya saki igiyar. Alhaji Sabo ya sauke fartanyarsa ya dogara a kanta.  Ya ce, "Duk manomin da ya mutu a garin nan tun ina yaro, Yaya ne ke fara sara a gonarsa. Yau ga tasa, mun zo mu duka, babu inda za mu sara. Ni na kawo tifar nan." Ya goge fuska da hannun riga, ya juyo wajena. "Malam Isiyaku, kana da lambar malamar nan?"

Na ce ina da ita.

"Kira ta. Ta fara da tawa."

Wani ya ce, "Alhaji, in aka rufe fa?"

Ya ce, "A rufe."

Ba zan ce kowa ya bi shi nan take ba. Wasu suka saɓa fartanyunsu suka juya suna gunaguni, wani ma ya ce an haɗa baki da matacce a kashe masu rai. Amma mafi yawa suka tsaya. Waɗanda suka juya kuwa, Alhaji Sabo ya bi su gida-gida, yana sallama a ƙofofin da aka ƙi buɗe wa yayansa, har na ƙarshensu ya yarda ana gab da cikar wa'adi. Ni na kai wa jami'in amsa da bakina.

Yau da nake wannan rubutu, jar igiya ta kewaye gefe guda na fadamarmu, har da gonata da ta Alhaji Sabo. Bana ba za mu yi noman rani a wurin ba. Samari sun fara ɗaure kaya za su ci-rani, mai shayi ya rage benci. An ce motocin kamfani za su zo su fara kwasa, muna sauraro, kuma ina sanar da duk wanda abin ya shafa cewa yanzu akwai mai rubutu a ƙauyen nan. Ban san ko za a cika mana alkawari ba. Marigayi ma bai sani ba lokacin da ya ce a ɗebi tasa.

Ya Allah, ga bawanka Haladu ya zo maka. Ya yi kuskure a gaban jama'a, ya kuma gyara a gaban jama'a, bai ɓuya a bayan kowa ba. Ka yafe masa, ka yi masa rahama, ka haskaka makwancinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Iya Abu haƙuri a cikin takabarta, ka raya 'ya'yansa da jikokinsa a kan tafarkinsa, ka buɗa musu ta inda ba su zata ba. Ka ƙarfafi Alhaji Sabo a kan nauyin iyali biyu da ya ɗauka. Ka yafe wa waɗanda suka juya masa baya, domin tsoron yunwa ne ya sa su. Ka ba shugabanninmu zuciyar tsare doka tun daga inda ɓarna ke fitowa. Ka warkar mana da fadamarmu, ka kai mu ranar da za a kwance igiya. Ƙasar da muka sa shi a cikinta kuma, ya Ubangiji, ka umarce ta ta yi masa sauƙi, domin bai yarda ya ci amanarta ba. Amin.